*ALLURAR RIGAKAFI BA TA YARA KAƊAI BA CE: Saƙo ga magidanta da iyaye mata kafin hazo ya sauka*

 

Ɗan'uwa, yaushe rabonka da allurar rigakafi? Ba ta yaranka nake nufi ba, taka ta kanka. Na san amsar da yawancinmu za su bayar: tun ina goye, ko kuma shekarar da na je Makka. Ke ma 'yar'uwa, in ba ranar awo ba, da wuya ki taɓa miƙa damtsenki. Mun riga mun ɗauka cewa rigakafi harkar jarirai ce, shi babba sai ya kwanta tukuna a nemo masa magani. To yau a kan wannan za mu tsaya, saboda an gama girbi, iska ta fara juyawa, kuma kowa a Birnin Kudu da Gwaram ya san abin da ke biyo baya.

Da zarar hunturu ya kankama, leɓe ya fara tsagewa, ƙafa ta fara kaushi, to ka sani abin da ke faruwa a fatarka yana faruwa a cikin hancinka da maƙogwaronka. Allah Ya shimfiɗa wata tattausar fata mai danshi a can ciki, ita ce ke tare ƙura da ƙwayoyin cuta kafin su wuce. Busasshiyar iska da buji suna busar da ita, su tsattsage ta, ƙofa ta buɗe. A daidai wannan lokacin ne kuma muke toshe taga da tsumma, mu kwana mu takwas a ɗaki ɗaya, wani ma har da kaskon gawayi. Da asuba sahu ya cika, tari daga dama, atishawa daga hagu. Ranar kasuwar Sara ka shiga mota an ɗaga gilashi saboda sanyi, mutum goma sha suna shaƙar numfashin juna. Babu laifin kowa a ciki, haka rayuwarmu take. Amma haka cututtukan numfashi suke samun hanya.

*Ba kowace mura ba ce mura*

Akwai murar da muka saba da ita: majina, ɗan ciwon kai, kwana uku ta wuce. Wannan ba ta da allurar rigakafi, kuma ba a kanta muke magana ba. Akwai kuma mai zafin, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita farat ɗaya take zuwa, da zazzaɓi mai zafi, da ciwon gaɓoɓi kamar an yi maka duka, da busasshen tari. Saurayi mai ƙarfi zai kwanta mako guda ya miƙe. Amma dattijo mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko mai asma, ko mace mai ciki, tana iya gangara masa ƙirji ta zama nimoniya, abin da muke kira sanyin haƙarƙari. Sau nawa ka je ta'aziyya a watan sanyi aka ce maka, "Wallahi mura ce kawai ta kama Baba, sai numfashi ya gagara"?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan mura tana kashe mutum tsakanin 290,000 da 650,000 duk shekara a faɗin duniya. Kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 1918 ta shigo Najeriya ta tashar jirgin ruwa ta Legas, ta biyo titin jirgin ƙasa har Kano, ta yi ɓarnar da tsofaffi suka riƙa lissafin shekaru da ita, suna cewa shekarar Marisuwa.

Abu guda da zan roƙe ka a nan: daina zuwa kemis kana sayen kafso saboda mura. Bairos ne ke kawo ta, shi kuwa kafso bakteriya yake kashewa. Kuɗinka ka zubar, kuma ka koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinka taurin kai, ranar da kake buƙatar maganin da gaske ya ƙi ci.

*Sanƙarau*

Wani zai ce me ya haɗa sanƙarau da numfashi, ai ciwon wuya ne da ƙwaƙwalwa. Ta hanci da maƙogwaro yake shiga, ɗan'uwa. Ƙwayarsa a nan take zama, kuma cikin mutum goma ana iya samun ɗaya da ke ɗauke da ita yana yawonsa lafiya ƙalau, bai sani ba. Ta tari da atishawa da kwana wuri ɗaya take tsallakawa zuwa wani. In ta sami waccan fatar a tsage, sai ta shiga jini ta haura zuwa rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Shi ya sa lokacinsa yake farawa da hunturu, ya tsananta a bazara, sai ruwan sama ya sauka sannan ya lafa. Mu kuma muna tsakiyar yankin da ya fi addaba a duniya, wanda ya miƙe tun daga Senegal har Habasha.

Ciwo ne marar jira. Yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum shida da irin wannan sanƙarau ya kama ɗaya yana rasuwa, kuma ɗaya cikin biyar yana tashi da tabon da ba ya gogewa: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa. Ka duba unguwarku da kyau, da wuya ka rasa wani kurma da za a ce maka da jinsa aka haife shi, sanƙarau ne ya tafi da shi.

Masu shekaru ba su manta 1996 ba, lokacin da ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Amma ba sai mun koma can ba. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023 an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu a ƙasar nan, 124 suka rasu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na masu ciwon 'yan Jigawa ne. Jiharmu, ba wata ba. A wannan kakar ciwon yana ci a Damagaram ma, maƙwabtanmu ta arewa. Kada ka ce ai mu muna kudu, iyaka ta yi mana nisa. Ɗan kasuwar da ya kwana a Maigatari jibi yana Sara. Titin da ya taso daga Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu ya nufi ƙasar Bauchi ba ya hutawa dare da rana, Gwaram kuwa kafaɗa da kafaɗa take da Bauchin. Da kaka ta zagayo, daga Oktoban 2023 zuwa Maris 2024, ciwon ya sake tashi a jihohi bakwai, ciki har da Jigawa da Bauchi da Yobe da Gombe, mutum 153 suka riga mu gidan gaskiya.

A cikin wannan halin ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau a tsira ɗaya. An yi gangamin farko daga 25 zuwa 28 ga Maris 2024 a sassan Jigawa da Bauchi da Yobe. Wadda aka yi mana a 2011, MenAfriVac, nau'i ɗaya kawai take karewa. Ta yi aikinta, wancan nau'in ya kusa ɓacewa, amma 'yan uwansa suka taso, kamar wanda ya ɗaiɗaita Zamfara da Sakkwato a 2017. Saboda haka wanda ke cewa "ai an yi mini tun ina firamare" bai gama tsira ba.

Ga wurin da nake so ka lura. Duka gangamin biyu na 'yan shekara 1 zuwa 29 ne. Shekara 29 fa! Wannan ya haɗa da angon bana, da ɗan acaɓa, da gardin makarantar allo, da ɗalibin makarantar kwana, da matar aure mai 'ya'ya uku. Amma abin da aka saba gani in ma'aikata sun zo shi ne a turo yara layi, samari su koma gindin bishiya suna kallo suna dariya, matar gida kuma ta ce maigida bai ba ta izini ba. Shi kuma maigidan yana gona, ba wanda ya tambaye shi. Malam, in kana karanta wannan, ba da izinin tun yau, kada ka jira ranar da za su zo ba ka nan.

Mashaƙo ma ta numfashi yake yaɗuwa. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke a Kano ya bazu zuwa maƙwabta, har da Jigawa. Ya fi cin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, amma bai bar manya ba. Allurar da ake yi wa mata a wurin awo, mai suna Td, tana kare su daga mashaƙo da kuma tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki da ke kashe jarirai ta cibiya. Sau biyar ake yin ta kafin ta cika: ta farko, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, sai biyun ƙarshe shekara-shekara. Mata da yawa biyu suke karɓa, da sun haihu shi ke nan. 'Yar'uwa, nemo katinki ki ƙirga.

*To ina tawakkali?*

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da kuke turowa, kuma tambaya ce ta mai imani, ba ta jahili ba. Mutum yana jin nauyin ya sha magani alhali lafiyarsa ƙalau, kamar yana yi wa Allah shisshigi.

An taɓa yi wa Shaikh Abdul'aziz bin Baz, Allah Ya jiƙansa, wannan tambayar a kan yin magani kafin ciwo ya sauka. Ya ce babu laifi, ya kafa hujja da hadisin dabinon ajwa da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya yi bayanin kariyar da mai cin guda bakwai da safe yake samu a wannan yini daga guba da sihiri. Ka ga ai mai cin dabinon bai sha gubar ba tukuna. Kafin ta zo ya ci. Mu da muke tura wa juna wannan hadisi kullum a wannan zaure, mun riga mun yarda da asalin rigakafi, sunan ne kawai bai zo mana a haka ba.

Ka tuna kuma da tafiyar Sayyidina Umar (RA) zuwa Sham. Ya isa wani wuri da ake kira Sargh aka tare shi da labarin annoba ta sauka a gaba. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ra'ayi ya rabu, daga ƙarshe ya yanke a juya. Abu Ubaida (RA) ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sai ga Abdurrahman bin Auf (RA) ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da kuma fita daga cikinsa. Duk Bafulatanin da ke kai shanunsa a yi musu allura kafin ciwon huhu ya shigo garke ya fahimci wannan misali fiye da ni. Abin mamaki, wani zai kai saniya, shi kuma ya ƙi miƙa hannu.

Zuma da habbatus sauda da tafarnuwa da citta, duk muna nan a kansu, ba mu janye ko ɗaya ba. Zuma cikin ruwan ɗumi tana lausasa maƙogwaro, tana rage tari (ban da jaririn da bai kai shekara ba, shi ba a ba shi zuma). Amma amana ce a wuyanmu mu faɗa maka gaskiya: aikinsu daban, aikin allura daban. Ita allura tana nuna wa garkuwar jikinka kamannin wata ƙwaya takamaimai, a mace ko wani ɓangare nata, don jikin ya gane ta ya tanadi makami kafin mai ran ta iso. Duk wanda ya ce maka kwalbar haɗinsa ta wadatar da kai daga allurar sanƙarau, ciniki yake nema.

Alhaji, kai kuma ai ka riga ka yi. Bayan sanƙarau ya ɓarke a aikin Hajjin 1987 ne Saudiyya ta wajabta wa maniyyata allurarsa, da wani nau'in ya sake ɓulla a 2000 da 2001 aka koma mai kare nau'i huɗu. Har gobe sai an yi maka ita aƙalla kwana goma kafin ka sauka, kuma hukumomin lafiyarsu suna kwaɗaitar da maniyyata yin ta mura. Ban taɓa jin wanda ya fasa kujerarsa saboda allura ba. Jikin da ka kare domin cunkoson Mina shi ne dai jikin da ke shiga cunkoson kasuwa.

*Tsoron da ke da dalili*

Ba za mu yi kamar ba mu san inda zargin ya samo asali ba. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Yara 11 daga cikin waɗanda aka saka a gwajin sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, kuma wanda ya ji tsoro bayansa ba mahaukaci ba ne. Sai dai a riƙe bambancin: Trovan sabon magani ne da aka gwada a kan marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba ce. Darasin da ke ciki shi ne ka yi tambaya, ka san sunan abin da za a tsira maka, a rubuta maka a kati. Haƙƙinka ne.

In kuma kana son shaida ta ɗaya gefen, tambayi kakarka labarin agana, da yadda take bi gida-gida tana kashewa tana makantarwa, sannan ka duba lambar da ke damtsen tsofaffinmu. Tun 1980 aka tabbatar babu agana a doron ƙasa. Yaranmu ko sunanta ba su sani ba.

Tsoron da ya fi cancanta a yau shi ne na jabu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a Nijar, daidai lokacin da mutane ke rububin nema. Allurar rigakafi ko ta gaske ce sai an ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in ta sha rana ta mutu. Don haka wanda ya zaro ta daga jaka a tasha ko a kasuwa, ko nawa ya rage maka, bar masa kayarsa.

*Me za ka yi a wannan makon?*

Ka je asibitin matakin farko mafi kusa da kai, ko kana Kantoga ne ko Sundimina, ko Basirka ko Farin Dutse ko Kila. Ba sai kana ciwo ba. Ka gaida malamin asibiti, ka faɗa masa shekarunka da ciwon da kake fama da shi in akwai, ka tambaye shi wace allura ce ta dace da kai kuma ina ake samunta. Ka roƙe shi ya auna maka jini tunda ka zo. Ka tambaya ko akwai gangamin sanƙarau ko na mashaƙo da ke tafe, don in mai shela ya zagayo ka san da kai ake.

Game da allurar mura mai zafi, ga yadda abin yake: ba ta cikin jerin waɗanda gwamnati ke bayarwa kyauta a Najeriya. Saye ake yi, galibi a asibitocin kuɗi da manyan shagunan magani masu rajista a birane irin su Kano. Kuma duk shekara ake sabunta ta, saboda ƙwayar tana sauya kama, ta bara ba lallai ta gane ta bana ba. Ba kowa zai iya ba, mun sani, ga tsadar rayuwa. Amma in a gidanku akwai wanda ya haura 65, ko mai ciki, ko mai ciwon zuciya, suga, asma, ƙoda ko sikila, ko ma'aikacin asibiti, to su ne a gaba. Masu zuwa ganin likita a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu saboda irin waɗannan cututtuka, ku saka wannan cikin tambayoyinku a zuwa na gaba, har da allurar nimoniya. 'Ya'yan da ke aiki a birni suna aiko wa Baba da bargo da rigar sanyi, ku haɗa da wannan. Ba ta hana mura ɗari bisa ɗari, amma tana rage yiwuwar ta kai mutum gadon asibiti.

Jiki yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya gama haɗa garkuwa, shi ya sa ake yi tun kafin ciwon ya shigo gari. Damtse zai yi tsami, wani ya ji ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, ya wuce. Wanda ya taɓa samun mummunan kumburi ko sarƙewar numfashi bayan wata allura ya faɗa kafin a yi masa, mai zazzaɓi mai zafi kuma ya bari ya warware. In ta faɗo cikin azumi, kamar yadda gangamin 2024 ya faɗo tsakiyar Ramadan, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke tun 1997 a Jidda cewa allurar da ake yi a tsoka ko ƙarƙashin fata, wadda ba ta abinci ba, ba ta karya azumi.

Kaka mai goyon jika, ki tabbata an kai shi allurar mako 6 da 10 da 14. A cikinsu akwai ta mashaƙo da ta nimoniya, kuma yaron da aka yi wa ba ya cika kwaso ƙwayar ya kawo miki. In atishawa ta zo, a rufe fuska da hannu ko gefen riga kamar yadda aka ruwaito Annabi (SAW) yana yi. A bar 'yar kafa a taga ko da sanyi, a fitar da gawayi kafin a kwanta.

Wanda kuma zazzaɓi ya rufe farat ɗaya da matsanancin ciwon kai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, yana gudun haske ko yana sambatu, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, kada a tsaya jiƙa saiwa, kada a ce bari gari ya waye. A yi masa addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti. Haka wanda wuyansa ya kumbura, aka hango farin abu ya shimfiɗe a maƙogwaronsa, ko dattijon da numfashinsa ke fita sama-sama. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa a je a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

A tura wa 'yan uwa, wanda ba ya karatu a karanta masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wassalamu alaikum.